A Bar Ƙashi Ya Kama Kafin A Nemi Motar Arewa

Tsohuwar al'ada ce a wurin 'yan Arewa mazauna Kudu, tun zamanin fataken goro da na shanu, idan ciwo ya kwantar da ɗan'uwa sai a yi karo-karo a sa shi a mota a kai shi gida. Haka ake yi a Agege da Idi-Araba da Obalende, haka ake yi a Sabon Badun da na Shagamu, haka kuma a Anaca da Fatakwal. Al'adar ba abin zargi ba ce, gama zumunci ne ya haife ta, kuma babu mai son ganin ɗan'uwansa yana jinya a bayan shago ko a barandar masallaci. To, amma akwai majinyaci guda wanda wannan al'ada take yi wa illa fiye da amfani, watau wanda aka buɗe wa ƙirji aka yi masa aiki a zuciya. Irin wannan mutum kamata ya yi a riƙe shi kusa da likitan da ya yi masa aikin har mako 6 a ƙalla, a kuma ɗauke masa nauyin neman abinci har wata 3, kana a yi zancen mota.

Maganar ta shafi mazauna Kudu ƙwarai, ko da su kansu lafiyarsu lau. A Inugu aka fara fiɗar zuciya a ƙasar nan, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya, cikin watan Fabrairu na 1974, sa'ad da Dokta Magdi Yacoub ya zo daga Ingila ya haɗa hannu da su Farfesa Fabian Udekwu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Ikko da ke Ikeja ya soma nasa a 2004, ana kuma yi a Badun da asibitin Jami'ar Babcock da ke Ilishan, nan kusa da Shagamu, ban da masu zuwa Indiya waɗanda jirgi yakan sauke a Ikko. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai sayar da tumatir a Mile 12 ya wayi gari an aiko masa ƙanensa daga Kano ko Sakkwato, an ce sai an yi masa aiki, shi ne kuma zai zama mai masauki da mai jinya gaba ɗaya. Kada kuwa a ɗauka tsofaffin attajirai kaɗai ake yi wa wannan aiki. Da yawa daga cikinsu samari ne da 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya, waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi maganinsa ba tun suna yara ya koma ya lalata musu ƙyauren zuciya, abin nan da ke buɗewa yana rufewa don jini ya wuce gaba kada ya dawo baya, wanda makanikai za su fi ganewa da sunan bawul.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ganin ido. Bayan mako guda ko kwana 10 an sallami mutum, ya fito da ƙafarsa yana magana yana murmushi, ba a ganin kome sai tabo miƙaƙƙe a tsakiyar ƙirji, sai a ce ai ya warke, sai godiya. Alhali kuwa kafin likita ya kai ga zuciya sai da ya raba ƙashin ƙirji gida biyu da zarto, daga ƙasan wuya har zuwa kan ciki, da ya gama kuma ya haɗa ƙashin ya ɗaure shi da wayoyin ƙarfe waɗanda za su zauna a nan har ƙarshen rayuwa. In za a faɗe shi da Hausar kowa, mutumin nan karaya ce da shi. Fata takan haɗe cikin mako 2, amma ƙashi sai ya yi mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, ba ya kuma komawa ƙarfinsa sosai sai wajen mako 12, har ma fiye ga tsoho ko mai ciwon sukari ko mashayin taba. Kowa ya san idan maɗori ya ɗora ƙafa, babu mai cewa mai ita ya tashi ya tafi kasuwa a kwana na goma. Bambancin shi ne ƙafa ana sa mata karan ɗori ta zauna wuri ɗaya, ƙirji kuwa ba ya ɗauruwa, yana motsi da kowane numfashi dare da rana, yana kuma amsa duk abin da hannu ya ɗauka ko ya ja ko ya tura.

Don haka ne likitoci suke hana ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 ko 5 a makonnin nan. A baki abin kamar wasa ne, sai an auna shi da sana'o'in da suka kawo mutane Kudu. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, watau jarka ɗaya ta mai ga-ruwa kilo 20 ce ko 25, kurarsa kuwa takan ɗauki 10. Buhun shinkafa kilo 50, buhun siminti kilo 50. Ɗan dako da mai tura baro da mahauci mai saran ƙashi da mai kokawa da rago a Alaba Rago da mai haƙar rijiya, dukansu da ƙirji suke ci. Direba ba ya taɓa sitiyari sai bayan mako 4 zuwa 6, da izinin likita, ɗan acaɓa kuwa nasa jiran ya fi tsawo, domin babur da hannu ake riƙe shi, kowane rami aka faɗa a ƙirji yake ƙarewa. Mata su aka fi mantawa da su. Daka da tuƙin tuwo da jan guga da matse wanki da goyo da ɗaga yaro ɗan shekara 2, babu ɗaya da bai ƙetare ƙa'ida ba, amma da wuya a sami gidan da za a lissafa su cikin aikin ƙarfi. Idan ƙashin ya motsa har wayoyin suka yanke shi, mutum zai riƙa jin ƙirjinsa yana ƙas-ƙas in ya juya, daga nan kuwa sai komawa ɗakin fiɗa da sake biyan kuɗi, in ƙwayar cuta ta sami hanyar shiga ciki kuma, ran ma yana cikin haɗari.

Wanda ya karya wannan doka yawanci ba taurin kai ne ya sa shi ba, yunwa ce. Nan kuwa laifin yana komawa kan yadda ake tara gudummawa. Kuɗin aikin zuciya miliyoyin naira ne, jama'a kuma suna ƙoƙari matuƙa, a yi shela a masallaci ranar Juma'a, a zaga da faranti a kasuwa, ƙungiyar 'yan gari ta kawo nata, a sa hoto a Facebook, wani attajiri ya cika. Amma lissafin duk a bakin ƙofar asibiti yake ƙarewa. Ranar sallama kowa ya yi hamdala ya watse, a bar mutum da kuɗin haya da na magani da na gwaji da na motar komawa ganin likita, ga iyali can a ƙauye suna jiran aike kamar yadda suka saba. Mutumin da aka riga aka yi wa bara sau ɗaya, kunya ba za ta bar shi ya sake miƙa hannu ba. Sai ya lallaɓa ya koma bakin aiki a mako na uku, yana cewa sama-sama zai yi. An sayi doki ke nan an rasa kuɗin ciyawa. Lalle ne masu tara kuɗi su sani cewa abincin wata 3 da maganin wata 3 suna cikin kuɗin aiki, a ware su tun ranar farko, a danƙa wa wani amintacce ya riƙa bayarwa mako-mako.

Masu son ƙwallo za su tuna da Nwankwo Kanu. Bayan da ya jagoranci Nijeriya ta ci zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, likitocin kulob ɗinsa na Inter Milan suka gano yana da lahani a ƙyauren zuciya, aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka cikin watan Nuwamba na wannan shekara. Saurayi ne ɗan shekara 20, jikinsa horarre, ga kuɗi ga ƙwararrun likitoci, amma duk da haka bai koma kulob ɗinsa ba sai a watan Afrilu na 1997. Haƙurin nan bai rage shi da kome ba, gama ya tafi Arsenal a 1999, ya kuma sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a shekarar. In Kanu ya yi wata 5, ina dalilin da zai sa ɗan dako ya koma ɗaukar buhu a kwana 20?

Sai maganar hanya. Daga Ikko zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, Maiduguri kuwa ta fi haka nesa ƙwarai, kuma wanda ya saba bi ta Ilori da Jebba da Mokwa, ko ta Lokoja, ba ya bukatar a kwatanta masa halin titin. Talaka ba a jirgin sama yake tafiya ba. Ko dai babbar bas ta dare, ko ƙaramar mota da aka cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, ko ma bayan tirelar da ta sauke shanu za ta koma. Yini da kwana ana jijjiga ƙashin da bai kama ba, ga birki na ba-zata, ga riƙe ƙarfe da hannu don kada a faɗi. Zaman wuri ɗaya na tsawon sa'o'i kuma yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga wanda bai daɗe da fitowa daga ɗakin fiɗa ba, gudan jinin kuwa in ya ɓalle huhu yake nufa, yana iya kashe mutum nan take. Ga kuma maganin sa fitsari da ake ba yawancinsu don rage ruwa a jiki, wanda majinyaci yakan ƙi sha ranar tafiya don kada ya dami direba da a tsaya.

Duk da haka wahalar hanya ƙarama ce a kan abin da ke jira a ƙarshenta. Makonnin farko su ne lokacin da matsaloli suke ɓullowa. Ko a Amurka, inda ba a rasa kome ba, fiye da mutum 1 cikin 10 na waɗanda aka yi wa aikin jijiyoyin zuciya sukan koma asibiti kafin kwana 30 su cika. Kimanin mutum 1 cikin 3 bugun zuciyarsa yakan rikice bayan aikin, yawanci tun yana asibiti, wani kuwa sai ya koma gida. Ruwa yakan taru a hankali a kewayen huhu, ko a cikin jakar da zuciya take, har mako 2 ko 3 bayan aikin, ya matse zuciyar ta kasa cika. Likitan da ke da na'urar hoton zuciya zai gano wannan cikin 'yan mintoci, ya zuƙe ruwan mutum ya tashi. A ƙauyen da ke nesa da babban asibiti kuwa, abin da za a gani kawai shi ne mutum yana haki jikinsa yana saki, a ce sanyi ne ya kama shi ko iska, kafin a samo mota an makara.

Zazzaɓi ma haka. A ƙasar nan duk zafin jiki sunansa na cizon sauro, sai a aiki yaro kemis ya sayo magani. Ga wanda aka sa wa sabon ƙyaure, zafin da ya kai 38 a ma'auni yana iya zama alamar ƙwayar cuta ta kama mikin, ko ta sauka a kan ƙyauren kansa, wannan kuwa sai maganin makonni ta jijiya. In an riga an sha 'yan ƙwayoyin kashe cuta daga kemis, gwajin jini yakan kasa nuna ƙwayar, a bar likita yana lalube. A yi gwajin sauro, ba laifi, amma a yi shi a wurin da aka san an yi wa mutumin aiki.

Babbar magana dai ita ce ta warfarin. Duk wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe zai sha wannan magani har iyakar ransa, domin jini yana son daskarewa a jikin ƙarfen. An fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka amince mutane su sha, har Shugaba Eisenhower na Amurka ya sha shi bayan ciwon zuciyarsa na 1955. Gara majinyaci ya ji wannan tun da wuri, kada ya ji rabin labarin a teburin mai shayi ya tsorata ya daina sha. Wahalar maganin ita ce ba shi da awo guda ga kowa. In ya yi kaɗan, gudan jini ya toshe ƙyauren, ko ya haura ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye. In ya yi yawa, sai haɓo da jinin dasashi da baƙin bayan gida, ko jini ya zuba a cikin kai. Tsakanin biyun nan 'yar siririyar hanya ce, ba a kuwa ganinta sai da gwajin jini da ake kira INR. Jinin mai lafiya yana nuna wajen 1, mai ƙyauren ƙarfe kuwa ana so nasa ya zauna tsakanin 2 da 3, ko tsakanin 2.5 da 3.5, gwargwadon ƙyauren da aka canja. A makonnin farko ana gwajin sau ɗaya ko sau biyu a mako, ana ƙara ƙwaya ana ragewa har awon mutum ya zauna, daga baya ya koma kamar wata-wata. Ƙananan asibitocin karkara galibi ba su yin wannan gwaji. Wanda aka sa a mota kwana 10 bayan aiki, da ledar magani da awon da bai zauna ba, tafiyar dare aka tura shi ba fitila.

Abubuwan da ke karkata awon kuwa suna nan cikin tukunya da cikin aljihu. Ganyaye irin su zogale da alayyafo da kuka da lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu, da ugu na Ibo, suna rage ƙarfin maganin. Ba a ce a daina cinsu ba. Abin da ake so shi ne a ci daidai yadda aka saba, kada a yi mako babu ganye sa'an nan a yi mako ana kwaɗon zogale safe da yamma don wata gwoggo ta ce yana ƙara jini. Mutumin da aka daidaita wa awo a kan abincin Ikko, ya koma gida ya faɗa wa miyar kuka, lissafi ya canja ke nan. Flagyl da Septrin suna ƙara wa maganin ƙarfi har jini ya ɓalle, rifampicin na masu tarin tibi yana kashe masa ƙarfi, su ibuprofen da diclofenac da ake sha don ciwon jiki kuwa suna sa jini ya zuba a ciki. Jiƙo da tsimi da garin magani, na gida da na Yarbawa da ake kira agbo, babu wanda ya san abin da za su yi wa awon, har mai sayar da su. Ƙaho da tsaga da sakiya da cire haƙori a kasuwa, duk an rabu da su, wanzami ya tsaya a aski, askin ma a hankali. Matar da ke shan warfarin kuma a gaya mata gaskiya ita da mijinta tun kafin su bar asibiti, cewa maganin yana yi wa ɗan tayi lahani a watannin farko, saboda haka ba a ɗaukar ciki sai an shirya da likita.

Masu cewa a kai shi gida ba su rasa hujja ba, ya kuma kamata a saurare su. Cewa suke yi, a Ikko wa zai yi jinya? Mutumin nan su shida suke kwana a ɗaki guda, wani ma a shago yake kwana ko a masallaci, matarsa da mahaifiyarsa suna Arewa, banɗakin gidan haya ne ana layi, ga hayaƙin janareto, ga zafi, ga tsadar kome. A gida kuwa akwai fili, akwai mai dama masa kunu, akwai mai tashi da dare in ya yi tari. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba, watau tsoron kada ajali ya riske shi nesa da iyayensa. Duk gaskiya ne. Amma amsar ita ce a kawo jinyar wurin majinyaci. Kuɗin motar mace guda daga Katsina zuwa Agege bai kai kuɗin sake buɗe ƙirji ba. In kuwa gidan nasa a cikin birnin Kano ne ko Zariya ko Sakkwato ko Jos ko Maiduguri, inda asibitocin koyarwa suke da likitocin zuciya, to, maganar da sauƙi, wanda ya yi aikin yana iya yarda a tafi da wuri in an haɗa shi da na can. Abin ƙi shi ne a yanke shawarar a tashar mota, likita bai sani ba.

Masauki kuwa ba baƙon abu ba ne ga Hausawan Kurmi. Tun da aka kafa Sabon Badun a 1916 masu gidaje suke sauke fatake, su ba su ɗaki da abinci, su ajiye musu kuɗi, har su sayar da shanunsu su sayi goro su koma. Unguwar da ta iya riƙe baƙon da ya zo ciniki ba za ta kasa riƙe wanda ya zo neman lafiya ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da kwamitocin masallatai da majami'un 'yan Arewa suna iya keɓe ɗaki ɗaya ko biyu a ƙasa, kusa da banɗaki mai tsabta, don masu fitowa daga irin wannan aiki. Asibitin Salam da wata ƙungiyar Italiya mai suna Emergency ta buɗe kusa da Hartum a 2007 don yin aikin zuciya kyauta, da masaukin baƙi aka gina shi, domin masu shi sun san wanda ya zo daga nesa ba a sallamarsa zuwa tasha.

Yadda za a yi jinyar ma ba sai an koya wa Hausawa daga farko ba, gama suna da irinta a al'ada. Mace in ta haihu ana ba ta kwana 40, a ɗauke mata daka da ɗebo ruwa, a kawo tsohuwa ta zauna da ita, a kula da cinta, babu kuwa mai ce mata raguwa. Mai aikin zuciya jego biyu yake bukata, kwana 80 da 'yan kai, namiji ne ko mace. Sai dai jegon nan babu kanwa a cikinsa, babu ruwan zafi. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda ciwon zuciya yake yawan kama masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da aka taɓa kuwa ba ta son ƙarin kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi ko mai lafiya kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda, dunƙulen miya kuwa wajen rabinsa gishiri ne. Kilishi da yajin tsire da taliyar leda da kifin gwangwani a yi nesa da su. A ba shi ƙwai da wake da kifi da nama marar kitse da 'ya'yan itace, kaɗan-kaɗan sau da yawa, domin bakinsa zai yi 'yan makonni ba ya jin daɗin kome. Mikin kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu a tsane shi, shi ke nan. Kada a gasa shi, kada a shafa masa man kaɗanya ko man shanu ko hoda.

Jego biyun nan fa ba kwanciya ba ce. Wannan shi ne kuskuren masu tausayi da yawa, waɗanda ke hana majinyaci ko leƙa ƙofar gida. Yawan kwanciya yana tara majina a huhu ya kawo ciwon haƙarƙari, yana kuma daskarar da jini a ƙafa. Ana so ya yi tafiya kowace rana, minti 5 sau biyu ko uku a farko, a shimfiɗaɗɗen wuri, da sanyin safiya ko na yamma, wani yana rakiyarsa, yana ƙarawa a hankali har ya kai rabin sa'a wajen mako na shida. Ma'auninsa shi ne ya iya hira yana tafiya, in magana ta gagara ya tsaya. Ya riƙa jan dogon numfashi, in tari ko atishawa ta zo ya rungume matashi a ƙirji. A samo masa gado da kujera, domin tashi daga tabarma sai an dogara da hannu, dogarawar nan kuwa ita ake gudu, kada kuma mai taimako ya kama hannuwansa ya fizgo shi. Sujada ma dogara ce. Malamai sun daɗe da bayyana rangwamen da aka yi wa marar lafiya na yin salla a zaune, haka nan azumi, sai a tambayi likita a tambayi malami, kada a bar shi da kunyar idon jama'a.

Dubiya lada ce, amma dubiyar mutum 30 a ɗaki guda, wani yana tari wani yana mura, kowa sai ya yi musabaha ya girgiza hannu, kowa da maganin da ya warkar da wani a garinsu, wannan ta zama aiki. Mai jinya ya daure ya zama mai tsaron ƙofa, a shiga biyu-biyu, a gaisa a yi addu'a a fito. Taba kuwa majinyaci ya rabu da ita ke nan, ta hayaƙi da ta gari, goro ma ya rage.

Wani abin da ba a zata shi ne sauyin hali. Da yawa sukan rasa barci, su yi munanan mafarkai, su yi mantuwa, su yi fushi ba dalili, har ƙato mai gemu ya zauna yana hawaye bai san abin da ya sa ba. Mai ƙyauren ƙarfe kuma yana jin ƙararsa cikin dare kamar agogo. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, sanannen abu ne a wurin likitoci, yawanci kuma yana wucewa cikin wata 2 ko 3. In ya ƙi wucewa, ko mutum ya daina ci ya daina magana, a faɗa wa likita kamar yadda za a faɗa masa kumburi. Maganar iyali ma a tambaya, ba abin kunya ba ne, galibi bayan mako 6 ne, amma kada a kusanci magungunan ƙarin kuzari na 'yan tebur, gama haɗuwarsu da wasu magungunan zuciya tana kayar da jini ƙasa warwas.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Miki ya yi ja ko ya kumbura ko yana fid da ruwa ko mugunya, numfashi yana ƙara gajarcewa har mutum ya kasa kwanciya sai a zaune, zuciya tana dukan sauri ba ƙa'ida, suma, jinin da ya ƙi tsayawa, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, baki ya karkace ko hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, kowane ɗaya daga cikinsu asibiti ne a wannan sa'a, ko da tsakar dare. Sikeli ma yana magana, domin wanda ya ƙara kilo 2 cikin kwana 2 ko 3 ba ƙiba ya yi ba, ruwa ne yake taruwa.

Duk waɗannan bayanai ana yin su ranar sallama, sai dai da Turanci ake yi, cikin gaggawa, majinyaci yana gyaɗa kai don ladabi. Lalle ne a tafi da tafinta wanda ba ya jin nauyin tambaya, ya rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa da Hausa, boko ko ajami, ya karɓi lambar wayar da za a kira. Asibitocin Kudu da ke karɓar 'yan Arewa su ma ba za su yi asarar kome ba in sun buga takarda guda da Hausa.

Idan mako 6 suka cika, likita ya duba ƙashi da miki da jini ya ce to, sai a yi shirin tafiya. In da hali a bi jirgin sama. In babu, a raba hanya biyu a kwana a Ilori ko Abuja, a nemi motar da direbanta zai yarda ya riƙa tsayawa bayan sa'a ɗaya ko biyu mutum ya taka ƙasa, a sa matashi tsakanin ƙirji da bel, kada kuma ya ɗauki jakarsa da kansa. Ya tafi da maganin wata 2, da littafin awon jininsa, da sunan asibitin da zai yi gwaji na gaba da ranar da zai yi, da takardar likita mai bayyana irin aikin da aka yi da irin ƙyauren da aka sa. Takardar nan a yi mata kwafi uku, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a wurin ɗan rakiya, ɗaya kuma a bar wa mai masaukinsa a Kudu, domin shi za a fara bugo wa waya in wani abu ya taso.